Kwanakina a Gidan Jiragen Sama na Washington

Litinin, 15 ga Satumba

Ba a biyan ko sisi a ƙofa, amma sai mutum ya yanki tikiti ta intanet tukuna, wanda ke nuna ƙarfe nawa zai shiga. Nawa na ƙarfe goma ne, daidai lokacin buɗewa. Na sauka daga jirgin ƙasa a tashar L'Enfant Plaza, na ɗan taka, sai ga ginin. Wannan shi ne gidan adana tarihin jiragen sama da kumbuna na cibiyar Smithsonian, wanda aka buɗe ranar 1 ga Yulin 1976. Tun 2018 ake yi masa gyara, ana buɗe ɗakunansa kashi-kashi, lokacin da na je ma wasu a rufe suke.

Na wuce jiragen da ke rataye a rufi ban tsaya ba, domin akwai wanda nake so idona ya fara sauka a kansa. Jirgin Wilbur da Orville Wright na 1903 yana ajiye a ƙasa, dab da mai kallo, an kwantar da mutum-mutumi rub da ciki a wurin matuƙi. Katako ne da waya da farin yadin auduga. Faɗin fukafukansa mita 12 da ɗoriya, nauyinsa duka bai kai kilo 300 ba. Abin da ya fara jan hankalina shi ne sarƙa. Wa da ƙanen nan masu shagon kekuna ne a Dayton ta jihar Ohio, babu wanda ya je jami'a a cikinsu, kuma sana'ar tasu tana nan a jikin jirgin. Sarƙa biyu ne ke ɗauko ƙarfin inji zuwa farfela biyu da ke baya, an harɗe ɗaya da gangan don farfelolin su riƙa juyawa a saɓa wa juna, kada jirgin ya karkace gefe guda.

Mutane da yawa kafin su sun ɗauka injin kirki ne kawai ya rage. Su kuwa suka ce matsalar tana wajen tuƙi: in ka tashi, yaya za ka hana iska kifar da kai? Wilbur ya daɗe yana lura da yadda ungulu ke murɗa bakin fiffikenta idan iska ta taɓa ta. Sai suka yi wa matuƙi wani ɗan mazubi a ƙugu, in ya gusa hagu ko dama, waya ta ja, bakin fukafukan ya murɗe. A 1901 da lissafin magabata ya ba su kunya, suka haɗa akwatin gwaji da fanka a shagonsu, suka auna ƙananan fukafukai kusan 200 ɗaya bayan ɗaya. Ranar 17 ga Disamba 1903, a kan yashin Kill Devil Hills kusa da Kitty Hawk, Orville ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci mita 37. Tashi na huɗu a ranar, Wilbur ya yi daƙiƙa 59, mita 260. Daga nan iska ta kaɗa jirgin yana ajiye ta farfasa shi, bai sake tashi ba.

Na jima a gaban injin. Kamfanonin motoci ba su samar musu da mai ƙarfi kuma marar nauyi ba, sai makanikensu na shago, Charlie Taylor, ya ƙera shi da hannu cikin kusan mako shida, daga zanen da ake yi masa a guntun takarda. Ƙarfin doki 12 ne. Ranar da aka tashi, shi yana can Dayton yana tsaron shago. Yau hukumar kula da jiragen sama ta Amurka tana da lambar yabo da sunansa, wadda ake bai wa makanikan da suka shekara hamsin a bakin aiki, kuma na ji daɗin hakan har raina.

Abu ɗaya da ban zata ba: jirgin nan ya shekara ashirin a Landan. Smithsonian ɗin nan da ke alfahari da shi a yau ta taɓa dagewa cewa jirgin tsohon shugabanta, Samuel Langley, shi ne na farko da ke iya ɗaukar mutum, alhali sau biyu yana faɗawa kogin Potomac a 1903. Orville ya fusata, ya aika da nasu gidan tarihin kimiyya na Landan a 1928. Sai da cibiyar ta janye maganarta sannan ya yarda a maido shi, kuma bai ga dawowar ba, don ya rasu a Janairun 1948, aka kafe jirgin a Washington a Disambar shekarar.

A hanyar komawa gida nake ta juya shekarar 1903 a zuciyata. A Fabrairunta Turawa suka ci Kano, a Maris suka shiga Sakkwato, a Yuli aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama.

Talata, 16 ga Satumba

Yau na kumbuna ne. Dab da ƙofar shiga akwai ɗan yankin dutsen wata da aka yarda kowa ya taɓa. Kumbon Apollo 17 ne ya zo da shi a 1972, an ƙiyasta shekarunsa sun kai biliyan 3.8. Yatsun mutane sun goge shi har ya yi sumul. Na bi layi bayan 'yan makaranta, na sa yatsa, na ce Subhanallah.

A zauren ne kumbon Friendship 7 yake, wanda John Glenn ya zagaya duniya sau uku a cikinsa ranar 20 ga Fabrairun 1962, cikin awa huɗu da minti 55. Girmansa bai wuce ɗan ƙaramin rumbu ba. Na leƙa ciki, na ga kujerar da aka zuba daidai da jikinsa, da maɓallai birjik a gaban fuska, babu wurin miƙe ƙafa. Gindin kumbon ya ƙone ya yi toka-toka. Ana cikin tafiyar wata na'ura ta nuna wa masu lura a ƙasa cewa garkuwar da ke tare zafi ta kwance. In da gaske ne, da ya ƙone ƙurmus wajen dawowa. Suka umarce shi ya bar ƙunshin rokokin birki a ɗaure, ko igiyoyinsa za su riƙe garkuwar. Ya sauko yana ganin gutsattsarin ƙarfe na ci da wuta suna wuce tagarsa. Daga baya aka gano na'urar ce ta yi kuskure.

Ga abin da ya sa na tsaya a nan fiye da ko'ina. A lokacin babu taurarin ɗan Adam da za su riƙa isar da magana, sai NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta jera tashoshi kewaye da duniya, kowace ta karɓi kumbon na 'yan mintuna ta miƙa wa ta gaba. Ɗaya tana Kano, wata tana Zanzibar. Da Glenn ya iso saman Afirka, sai ya shaida wa tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska na kaɗawa da ƙarfi. Watan Fabrairu ne fa. Hazon hunturun da ke fasa mana leɓe da dunduniya, shi ya hango daga nisan sama da kilomita 160. Na girma ban taɓa jin wannan a aji ba, kuma na tabbata yawancin 'yan makarantar Kano na yau ba su ji ba.

Lissafin hanyar kumbon ma da hannu aka tabbatar da shi. Kwamfuta ta fitar da alƙaluma, Glenn ya ce sai Katherine Johnson, baƙar fata mai lissafi a NASA, ta sake bi da kanta kafin ya yarda ya hau.

Na hau bene zuwa ɗakin wata. Kumbon Columbia na Apollo 11 yana nan, shi kaɗai ne ya dawo daga cikin ƙatuwar rokar da ta tashi ranar 16 ga Yulin 1969. Michael Collins, wanda ya zauna a cikinsa yana zagaya wata yayin da abokansa biyu suka sauka, shi ne daga baya ya shugabanci wannan gida har aka buɗe ginin. Kusa da kumbon ga rigar Neil Armstrong, ɗaya daga cikin biyun da suka sauka, a cikin gilashi. A hoto fara ce fat. A ido kuwa gwiwoyinta da ƙafafunta sun yi duhu da ƙurar wata, kuma masu gyara sun bar ƙurar da gangan. Na matsa har numfashina ya taɓa gilashin don in ga ɗinkin. Shimfiɗa 21 ce ta yadi da roba da wasu abubuwa, mata ne suka ɗinka ta a keken ɗinki a garin Dover na jihar Delaware, a kamfanin da asalinsa kayan ciki na mata yake yi. Allura ɗaya da aka manta a ciki tana iya kashe mutum, shi ya sa ake ƙirga alluran kowace mai ɗinki. Layin zaren a miƙe yake sak, ba gargada. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tela ya san abin da wannan ke ci na ido da haƙuri.

Armstrong ya tafi wata da guntun yadi da ɗan katakon farfelar jirgin Wright. Shekara 66 ce tsakanin tafiyoyin biyu.

Laraba, 17 ga Satumba

Ban fita ba. Na zauna a gidan ƙanena a Maryland ina duba 'yan takardun da na zo da su kan zuwan jirgi ƙasarmu. Ranar 27 ga Oktoban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarƙashin Arthur Coningham, suka ratsa Sudan da Chadi, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba, suka sauka a filin sukuwa. Bana, 2025, shekara ɗari ke nan cif. Hanyar da suka biyo ita ce wadda kakanninmu ke bi a ƙafa da jakuna zuwa Makka, su yi shekaru suna noma da ƙwadago a hanya, wasu ma su zauna ke nan a Sudan. A Yaƙin Duniya na Biyu wannan hanya ta zama jijiya: ana haɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Ghana, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato N'Djamena ta yau, El Fasher, Khartoum har Masar. Sama da jirage 5,000 suka bi ta.

Alhamis, 18 ga Satumba

Manyan jiragen ba sa shiga ginin cikin gari, don haka aka yi musu wani gida a Chantilly ta jihar Virginia, gefen filin jirgin Dulles. Sunansa Udvar-Hazy, sunan attajirin da ya ba da dala miliyan 65, kuma an buɗe shi a Disambar 2003. Na bi jirgin ƙasa kusan ƙarshen layi, na ƙarasa a bas. Rumfa ce guda wadda in ka tsaya a wannan bakin, da ƙyar kake tantance mutumin da ke wancan. Jirage a ƙasa, jirage a rataye, wasu a saman wasu.

Baƙin jirgin leƙen asiri SR-71 ne ke fara tarar mutum. Yana gudun da ya ninka na sauti sau uku, a nisan sama da mita 25,000. Zafin gogayya da iska yakan sa jikinsa ya buɗe, shi ya sa aka haɗa shi da sako-sako: a ƙasa mai yana ɗiga daga tankunansa, sai ya yi zafi a sama sannan ya matse. Wannan da ke nan, ranar 6 ga Maris 1990 ya taso daga Los Angeles zuwa Washington cikin awa ɗaya da minti huɗu da daƙiƙa 20, ya sauka a Dulles, aka miƙa shi ga gidan tarihi.

Concorde na kamfanin Air France kyakkyawa ne, siriri, tagoginsa ba su fi tafin hannu ba. Shi ne ya buɗe jigilar Concorde ta kamfanin ranar 21 ga Janairun 1976, daga Paris zuwa Rio ta Dakar. Fasinja ɗari yake ɗauka, kuma sai masu hannu da shuni. Bayan haɗarin wani Concorde a Yulin 2000 da ya ci rai 113 a kusa da Paris, samfurin bai ƙara farfaɗowa sosai ba, aka ajiye shi a 2003.

A ganina wanda ya fi shi tasiri shi ne wani mai launin ruwan ɗorawa da ƙasa-ƙasa da ke kusa, wanda mutane ke wucewa ba su ɗaga kai ba. Boeing 367-80 ke nan, na gwaji, uban samfurin 707. A 1955 matuƙinsa Tex Johnston ya wuntsila shi a sama gaban taron jama'a a Seattle don ya nuna ƙarfinsa. Zuriyar wannan jirgi ce ta mai da tafiyar shekaru ta koma ta awoyi, ta cika sansanin alhazai da jama'a. Ita ce kuma ta ba mu ɗaya daga cikin ranakunmu mafi ɗaci. Ranar 22 ga Janairun 1973 wani 707 na kamfanin Jordan, wanda Nigeria Airways ta yi haya, ya faɗi wajen sauka a Kano ɗauke da alhazai daga Jidda, mutum 176 suka rasu. Na yi musu addu'a a tsaye a ƙarƙashin fiffiken. Allah Ya jiƙansu.

Sai Enola Gay. Ana hawa wata gada a tsaya daidai hancinsa na gilashi, har kana ganin kujerar matuƙi da na'urar saita bam. An goge jikinsa yana ƙyalli. Paul Tibbets ya sa masa sunan mahaifiyarsa, kuma ranar 6 ga Agustan 1945 ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima. Hukumomin birnin sun ƙiyasta mutum kusan 140,000 suka mutu kafin ƙarshen shekarar. Allon da ke gabansa ya faɗi faɗin fiffike da ƙarfin inji, ya ce shi ya jefa makamin nukiliya na farko a yaƙi, amma bai ambaci adadin mamatan ba. Akwai dalili. A 1995 gidan ya shirya nuni da zai haɗa da hotunan waɗanda abin ya rutsa da su, ƙungiyoyin tsoffin sojoji da 'yan majalisa suka tayar da ƙura, aka soke shirin, shugaban gidan Martin Harwit ya yi murabus. Na san muhawarar tana da nauyi, na san akwai tsofaffin da suka yi imani bam ɗin ne ya cece su daga mutuwa a gaɓar Japan. Duk da haka ban yarda da shirun nan ba. Gidan da ya ƙi kakkaɓe ƙurar wata daga gwiwar riga don kada a rage gaskiya, bai kamata layi ɗaya na yawan matattu ya gagare shi ba.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na yi sallah a babban masallacin da ke titin Massachusetts, wanda aka buɗe a 1957. Da la'asar ƙanena ya kai ni filin jirgi na College Park, kusa da gida. Ƙarami ne, amma tun 1909 ake tashi a cikinsa ba a daina ba. Wilbur Wright da kansa ya koya wa hafsoshin soja tuƙi a nan. Muka tsaya a bakin shinge muna kallon wani ɗan jirgi mai farfela ɗaya yana gwajin sauka da tashi.

Asabar, 20 ga Satumba

Na koma Chantilly, wannan karon da 'yar ƙanena mai shekara goma sha ɗaya. Na bar kumbon Discovery sai da ita. Yana can ƙuryar rumfa, yana fuskantar mai shigowa. Ta tsaya cak, ta ce, “Baffa, me ya sa ba su wanke shi ba?”

Gaskiyarta. Farin jikinsa ya dafe, akwai zane-zanen ƙuna daga hanci zuwa baya. Tafiya 39 ya yi tsakanin 1984 da 2011, in aka haɗa kwanakinsa a sama sun kai shekara guda cur. Shi ya kai na'urar hangen nesa ta Hubble a 1990. Shi aka fara turawa bayan tarwatsewar ɗan uwansa Challenger a 1986, shi aka sake turawa bayan ta wani ɗan uwan nasa, shi ma mai suna Columbia, a 2003. A cikinsa Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya zama Musulmi na farko da ya je sararin samaniya, a Yunin 1985, kuma a cikinsa John Glenn ya koma sama a 1998 yana da shekara 77. Da aka kawo shi nan a Afrilun 2012, masu gidan suka nemi a bar shi yadda ya sauko.

Muka durƙusa muna duban cikinsa ta ƙasa. Dubban ƙananan tubala ne aka jera, kusan kowanne da nasa fasalin, kowanne da lambarsa a rubuce. Wasu baƙi wuluk, sababbi ke nan da aka canza. Wasu sun koɗe sun yi fari-fari don yawan shan wuta. Na gaya mata da hannu ake manna su ɗaya-ɗaya, kuma bayan kowace tafiya sai an bi su an duba. Abin da ya hallaka mutum bakwai na Columbia guntun soso ne da ya ɓalle daga tankin mai ya huda bakin fiffike. Ta ciro littafinta ta fara kwafe lambobin.

Daga nan muka hau bene inda ake leƙa rumfar gyara ta bayan gilashi. Ranar hutu ce, babu ma'aikata, sai kayan aikinsu a jere bisa tebura da fitilu a kashe. A tsakiya ga wani jirgin yaƙi samfurin B-26 mai suna Flak-Bait, an rarraba shi gunduwa-gunduwa. Ya fita kai hari sama da sau 200 a Turai, jikinsa na da faci fiye da dubu inda harsashi da ɓaraguzai suka huda. Tun 2014 ake aikinsa, kuma ba sabon fenti ake shafa masa ba, tsohon ake lallaɓawa ana mannewa don kada ya zube. Kowane faci makanike ne ya buga shi a filin yaƙi, da dare ko da asuba, don jirgin ya samu fita washegari.

Ta tambaye ni ko akwai irin wannan gida a Kano. Na ba ta labarin jirage ukun 1925, da tashar da ta yi magana da Glenn, da hirar da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi da Shugaba Kennedy a Agustan 1963 ta tauraron Syncom 2, wadda ita ce ta farko tsakanin shugabannin gwamnati biyu ta tauraron ɗan Adam. Ta ce in maimaita a hankali, ta rubuta shekarun a ƙarƙashin lambobin tubalan, wai za ta kai wa malamarsu ranar Litinin. Ƙarfe biyar da rabi masu gadi suka fara kora mutane waje, muka yi sauri don kada bas ya bar mu.